Randar Baba Kafaral

Yau da safe ina tashar Gaya, ina ɗaure kaya a kan mota, wayata ta yi ƙara. Hajara ce, ɗiyar Baba Kafaral. Ta ce, "Isuhu, Baba ya cika." Da igiyar a hannuna na zauna daɓas a ƙasa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tanda ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Tsohon nan ne mai randa a gindin tsamiya, da moɗa a kan faifai. Tun kafin a haife ni randar ke wurin.

Shi ya koya mini tuƙi, kuma da faɗa ya koya mini. "Kai Isuhu, mota kake tuƙi ko jaki kake kora?" Amma ranar da na samu fermi, wato takardar tuƙi, hular kansa ya cire ya ɗora mini. Da matata ta sha wahalar haihuwa, shi ya wuni a ƙofar asibiti yana jan tasbaha, ni kuwa sai safa da marwa nake kamar mahaukaci.

Na daɗe ina zaton randar sadaka ce irin ta kowa. Sai wata rana muna cin kifi a bakin kogi ya ba ni labarinta.

Ana gab da samun 'yancin kai Nasara suka ɗauke shi soja yana saurayi, suka kai shi wata ƙasar Larabawa mai duwatsu. Mutanen can sun hau tsaunuka da bindigogi suna kai hari, Nasara na kiran su 'yan ta'adda. Aka ce wani ƙauye na ba su ruwa, sai aka ba da oda a fasa duk abin da ke riƙe ruwa a garin. Baba ya shiga wani gida, ya tarar da wata tsohuwa, ya sa gindin bindiga ya fasa mata tulu. Ba ta yi kuka ba. Duƙawa ta yi ta ɗauki katangar tulun da ɗan ruwan da ya rage a ciki, ta miƙa masa, don ta ga leɓensa ya tsattsage.

"Na sha, Isuhu. Abin da ke cina ke nan har yau. Na karɓa na sha."

Ya ce kafin wata ya zagayo samarin ƙauyen kaf sun hau dutse, har da waɗanda da ba ruwansu.

Da ya dawo gida ya kafa randar. Dokarta ɗaya ce: ba a tambayar mai ƙishi ko shi wane ne. Manoma sun sha, Fulani sun sha, fatake sun sha, mu direbobi kuwa ba a magana.

To, kun san halin da muke ciki yanzu. Masu moto, 'yan babur ɗin nan masu bindiga, suka fara tsayawa su sha. Masu kaki suka zo suka ce ya ɗauke ta, yana shayar da miyagu. Su ma kafin su hau mota sai da suka sha. Masu moto suka dawo suka ce sun ji labarin wa yake ba ruwa. Haba jama'a! Tsohon da sai an riƙe shi yake miƙewa?

Wata safiya Hajara ta kai ruwa ta tarar da randar a tarwatse. Wasu sun ce masu kaki ne, wasu sun ce masu moto. Ba wanda ya gani, kuma ko an gani wa zai buɗe baki?

Na je gaishe shi bayan kwana biyu. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Yana kwance a zaure, moɗar na gefen matashinsa. Na fara zage-zage, ya ɗaga mini hannu.

"Bari. Can ni ne mai kakin. Yaran nan tsoro ne fal cikinsu, na san shi. Kuma na san abin da ke biyo baya."

Na ce, "Baba, wai abin nan zai ƙare kuwa? Ai naku ya ƙare."

Ya ce, "Namu ya ƙare ne don Nasara na da gidan komawa. Waɗannan fa? Su duka biyun nan ne gidansu."

Wallahi tun ranar maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na juya ta ta kowane gefe, ban samu inda zan ƙaryata shi ba.

Da zan tashi ya kamo bakin rigata. "Ka sayo wata randar ka kai. Ba don ta hana komai ba. Don dai a sha."

Na ce to, Baba. Kuma na sayo, babba, ran kasuwa. Sai na tuna ni ke bin hanyar nan kullum, kowa ya san motata, ga 'ya'ya a gida. Na ce sai gobe. Goben ta zo na ce sai jibi. Mako uku ke nan tana kife a bayan ɗakina, kaji na hawa kanta.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ne ya hana ni.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Hajara ta jawo ni gefe ta ce jiya da la'asar ya buɗe ido ya tambaye ta, "Isuhu ya kai?" Ta ce masa e, Baba, ya kai, har an cika ta. Wai ya yi murmushi.

Ya Allah, bawanka ya shayar da bayinka bai tambayi sunan kowa ba. Ka shayar da shi daga Alkausara, ka yafe masa tulun tsohuwar nan, ita ma ka jiƙan ta a inda take kwance.

Don Allah duk wanda ya taɓa kurɓar ruwan gindin tsamiyar nan, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ni ma ku sa ni a ciki. Randar na nan a kife, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban san ko zan iya kai ta ba.