Tana Tuƙa Motar 'Yan Makaranta

Ranar Talatar nan Lorna Petryshyn ta tashi da asuba kamar kullum. Ta zare wayar lantarkin da ke hana injin motar 'yan makaranta daskarewa saboda sanyi, ta kwaso yaran gonakin da ke kewaye da garin Dauphin. Da hantsi ta biya gidan mahaifinta Orest, tsohon malamin lissafi, ta tarar yana ɗumama miyar kabeji.

Shekararta arba'in da uku, ba ta ƙare sakandare ba. Labaran da ta daɗe tana rubutawa a kan sitiyari kafin a tashi yara, wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a Winnipeg ya karɓe su. Abu ɗaya ya rage: 'yan layukan da ake sawa a bayan littafi game da marubuci.

"Na duba na mutane, Baba. Wannan digiri, wancan lambar yabo. Ni me zan sa? Lasin tuƙi?"

"In ara miki digirina? Yana cikin kwali, ɓeraye ma sun ƙi shi."

"Kai dai, tsoho sai tsokana!"

"To faɗi abin da kike yi, ki huta."

Ta ajiye cokali, ta yi muryar masu karanta labarai: "Lorna Petryshyn tana zaune a Dauphin. Tana tuƙa motar 'yan makaranta." Suka yi dariya. Ta ce gobe za ta aika.

Bayan azahar ta mayar da yara gidajensu. Da yamma tana kwashe ƙanƙara da shebur a ƙofar gidanta jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Maƙwabciya ce ta same ta.

Bayan jana'iza editar littafin, Madam Friesen, ta bugo waya tana neman layukan. Orest ya faɗa mata yadda ya ji su.

"Ka yi haƙuri, Malam Orest, sai mun gyara. Mu ce 'ta zauna', 'ta tuƙa', tunda ta rasu."

"'Tana' ne ta ce."

"Masu karatu za su ɗauka tana raye."

Orest ya yi rayuwarsa yana jan layi da jan biro ƙarƙashin kuskure. Ya san matar ta fi shi gaskiya.

"Lorna ba ta kai ga gyarawa ba," ya ce. "Ni kuma ba zan gyara mata ba."

Littafin ya fito da kaka, da "tana" ɗinsa. Ba a jima ba wata mai kula da ɗakin karatu a Brandon ta bugo cikin fara'a, tana gayyatar marubuciyar ta zo ta karanta wa jama'a. Orest ya saurara har ta gama, sannan ya faɗa mata. Bayanta ma wasu sun bugo.

Rigunan sanyin Lorna ya kai coci aka raba. Takalman suka yi wa maƙwabciyar daidai. Matashin da take jingina da shi a mota, sabon direba ya roƙa, aka bar masa. Shebur ɗin yana nan jingine a ƙofar Orest, da shi yake kwashe tasa ƙanƙarar.