Goggo Sellatayi Mai Kunun Uwa

Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina tsinko ganyen darbejiya, 'yarki Belammal ta tsaya a bakin shinge ta ce, "Yaya, Inna ta tafi." Saura mako guda watan Adi na kalandarmu ya kama, watan bikin abar bautarmu Uwa Mariyamma, wanda kika shekara arba'in kina dama kununsa a haikalin ƙauyenmu.

Goggo, ba ki yi karatu ba, amma a bakinki na fahimci ibadarmu. Ke kika ce min Uwa zafi gare ta irin na mai 'ya'ya da yawa, shi ya sa komai namu na sanyaya ta ne: ruwan kurkur, ganyen darbejiya, kunun tamba da kindirmo. Wuƙar da ke hannun mutum-mutuminta kuwa, kika ce, ba don mu ta riƙe ta ba, don abin da ke bin mu ne.

Shekarar da mijina ya rasu aka cire min furen kai, aka goge jan ɗigon goshina, alamomin matar aure a wurinmu. Mata suka daina kirana biki, wai ƙafata ba ta da sa'a. Ana cikin haka ƙarambau ta kama ɗiyata Tamarai. Ke kaɗai kika shigo. Kika shimfiɗa mata ganye, kina yi mata fifita da reshe, kika ce, "Daina kuka, Uwa ce ta sauka a gidanki. Baƙuwa ce, a lallaɓa ta." Kwana bakwai kina zuwa har ƙurajen suka bushe.

Da bikin Uwa ya zo, na kai tamba ta godiya, na tsaya nesa da tukwane. Kika kira ni, kika miƙa min muciya a gaban kowa. Matar mai gari ta ce, "Goggo, wannan fa mijinta ya mutu."

Kika ce, "Na sani, da ni aka kai shi. Shiga ki tambayi Uwa ko ta ƙi kunun. In ta amsa miki, ki zo ki faɗa min."

Aka yi dariya, ni kuwa ina juya tukunya hawaye na zuba. A ranar mutum ɗari uku suka sha, har da matar mai gari, kofi biyu. Tun daga nan ba matar da aka sake tsayarwa a bakin ƙofa don ta rasa miji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Karuppaya, da Belammal, da jikokinki shida, da duk matan da kika share wa hawaye. Uwa ta ba su haƙuri. Ke kuma, Goggo, ta yafe miki kurakuranki, ta ɗora ki a cinyarta. Kin daɗe a tsaye kina yi wa 'ya'yanta hidima, yanzu ki huta.