Ganyen Sabara a Inuwa

A ƙauyenmu da ke gabas da Zango, idan an sallame Isha'i, Kaka Dije, mahaifiyar babana, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu zagaye ta. Ɗakin kullum ƙamshin ganye yake. Sabara, marke da zogale duk suna shanye a tabarma bayan gado, inda ko kaza ba ta isa ta leƙa ba, balle mu. Mukan tsokane ta cewa ganye ya fi jikokinta gata.

Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, ban da guda ɗaya. Wata mata ce ɗanta ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ta shiga daji tana kuka, sai sabara ta ce mata, "Ɗebi ganyena ki daka masa, amma ki shanya shi a inuwa. Ƙarfina a korena yake, rana kuwa sace shi take yi." Matar ta dawo ta tarar yaro sai ƙara laushi yake, ga shanyar inuwa ba ta sauri. Sai ta baza ganyen bisa rumbu da tsakar rana. Kafin la'asar ya bushe, ya koɗe. Ta daka, ta zuba masa a kunu.

"Sai ya warke, Kaka?" mukan tambaya.

"Sai ya sha," in ji ta. "Ku tashi haka nan, wuta ta mutu." Alhali wutar na ci.

Bayan rasuwarta, ina karatun haɗa magunguna, malaminmu ya bayyana cewa akwai sinadarai a ganye masu kare jiki daga lalacewa, kuma zafin rana na rage su. Na dawo hutu da murna na gaya wa Baba ashe tatsuniyar Kaka ilimi ce.

Sai Baba ya ce:

"Ba tatsuniya ba ce. Yaron nan wana ne, sunansa Lawali. Baƙon dauro aka yi a shekarar. Yara da yawa sun tafi, har waɗanda aka shanya wa a inuwa."

Har yau abin na ci mini rai. Ta yi gaskiya a kan ganye, amma hukuncin da ta yanke wa kanta ba daidai ba ne. Ta yi ta maimaita mana shi a bakin wuta, mu kuma muna hamma. Dukanmu mun koyi shanya a inuwa. Babu wanda ya taɓa ce mata, "Kaka, ba laifinki ba ne."