Mai Auna Zafin Randa

A bakin Kasuwar Sabon Gari, Inna Fanta mai sayar da randuna ta zuba wa wata baƙuwa ido. Siririya ce, yatsunta duk alli. Tunda kuɗin fetur suka shigo gari kowa rububin firji yake, ita kuwa ta tsuguna tana tsoma ma'aunin zafi cikin ruwan randa. Ko malamar asibiti ce?

"'Yar nan, randar ce ba lafiya?"

"Ƙalau take, Inna. Kimiyya nake koyarwa a sakandare. Ɗalibaina sun haddace littafi, amma da na tambaye su abin da ke sanyaya ruwan randa, sai suka yi tsit."

Fanta ta shafa danshin jikin randar. "Ai gumi take, kamar mutum."

Malamar ta ɗago da sauri. "Inna, gobe za ki zo ajinmu?"