Yayen Nuhaila

Idan ka taɓa ɗinka jallabiyar salla a tsohon garin Sefru, ba mamaki maɓallan Ghita ne jere a ƙirjinka. Tun tana 'yar shekara tara take saƙa su da zaren alharini, 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar wake, tana zaune a bakin ƙofa tana hira, ko kallon hannunta ba ta yi. Teloli ba sa tsayawa duba nata, karɓa kawai suke yi. Siririyar mace ce mai 'yar ƙaramar murya, amma a kan abin da za a sa a baki, kaf unguwar babu mai taurin kanta. Ƙwai in ba beldi ba ne, wato na kazar da ta yi kiwo a tsakar gida, ba ta ci. Na rumi kuwa, na gidan gona, cewa take yi kazar da ba ta taɓa ganin rana ba me za ta ba mutum? Haka man shanu, haka zaitun. Masu kayan miya da sun hango ta sai su taɓa juna, su ce, "Gyara zama, ga alƙaliya nan."

Shekararta goma sha ɗaya a gidan Bushta, direban tasi tsakanin Sefru da Fas, kafin Allah ya ba ta ciki. Maƙwabciyarta Hadda, wadda bango ɗaya ya raba su, ita tana kan na biyar. Tare suka riƙa jan ƙafa zuwa awo. Hadda ta haifi namiji, Ziyad, bayan wata biyu Ghita ta haifi Nuhaila. Tun ranar suna suka daina kiran juna da suna, sai "suruka", wai sun riga sun ɗaura wa jariran aure.

Nuhaila na da wata huɗu, ran wata Alhamis a gidan wankan mata na unguwa, tsohuwar da ke cuɗa mata jiki ta zo kan nonon Ghita na hagu, sai hannunta ya tsaya. Ta sake taɓawa. Labarin da take bayarwa ma ba ta ƙarasa shi ba, ta ce, "'Yar nan, gobe ki je a duba miki wannan." Aka yi mako uku ana kai da kawo a asibiti a Fas. Likita ta ce ciwon daji ne, nan da kwana goma sha biyu za a fara yi mata ƙarin ruwan magani, kuma daga ranar ko ɗigon nononta kar ya shiga bakin yarinya. A hanyar gida Bushta yana tuƙi yana share hawaye da bayan hannu. Ghita ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "To ita me za ta sha?"

Da Hadda ta ji, ta hawo saman soro inda Ghita ke shanya, ta leƙo ta kan katanga.

"Wai tunanin me kike yi, suruka? Ni ga shi nan yana ta zuba, rigar nan ita ce ta uku yau. Ziyad ya sha ya bar saura. Miƙo min ita kawai."

"Ki shayar da ita ta zama ƙanwarsa, in kashe wa ɗanki aure? Wa zai ba wannan mai ƙaton kan mata in ba ni ba?"

"Kan ubansa ne, ki ƙyale min ɗa. Ghita, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Allah ya bar zumunci, amma a'a."

Hadda ta sauka ranta a ɓace, a zatonta ƙyama ce irin ta alƙaliya. Ba ƙyama ba ce. Tsoro ne, tsohon tsoro.

Ghita kanta nonon maƙwabciya ta sha. Tana wata biyar uwarta Zuhur ta kwanta ciwon ƙirji, wata Rahma ta ɗauke ta ta haɗa da nata ɗan. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nono ko sau ɗaya ya sauka cikin jariri, an yi uwa ke nan. Zuhur ta shekara biyu a kwance kafin ta cika. Ghita ta tashi tana kiran Rahma "Mmi", wato Inna, kuma ranar da Rahma ta rasu ta yi kukan da sai da aka riƙe ta. Zuhur kuwa sunanta kawai ta sani. Ranar lallenta wata goggonta mai bakin da ba ya ajiye magana ta ba ta labari tana dariya, wai idan aka kai ta gadon uwarta sai ta sandare da ihu tana miƙa hannu wajen Rahma, ita kuma Zuhur ta ce a mayar da ita kar a wahalar da yarinya, sannan ta juya fuska bango. Goggo ta faɗa ta manta. Ghita ba ta manta ba. Yanzu da ciwo ya zo kanta, ba mutuwar ce ta fi tsaya mata a rai ba, a'a, ta kwanta tana kallo 'yarta ta zama ta wata. Gwangwani kuwa ba ya goyo, ba ya rarrashi, ba zai taɓa cewa "'yata" ba. Washegari ta goya Nuhaila ta nufi kantin magani.

Si Larbi mai kantin, dattijo ne mai haƙuri. Ya jera mata gwangwanayen madarar jarirai a kan kanta, ta tsaya tana ƙare musu kallo kamar masu neman aure.

"Wannan 'yar wace ƙasa ce?"

"Madarar?"

"Saniyar."

"Lalla Ghita, wallahi ba mu taɓa gaisawa ba."

"Kar ka yi min wasa, Si Larbi. Me take ci? A sake take ko a ɗaure? Ka san nono da hali yake tafiya. In mafaɗaciya ce fa, in je in ɗora wa 'yata?"

"Ai shanu dubu ne a gwangwanin nan, ba guda ba."

Ta sake duban gwangwanin. Can ta ce, "Dubu. To da sauƙi." Shi dai bai gane sauƙin me ba, ita kuwa ta san a cikin dubu ba wadda za ta ce ita ce uwa.

Sai ya sauko da wasu masu hoton koren ganye, an rubuta musu "bio" da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Ga naki. Wannan shi ne beldin Turawa. Ciyawar ba feshi, dabbobin ba a ɗura musu magani barkatai." Idonta ya ɗan yi haske. Ta sa shi ya karanta mata bayan gwangwanin layi-layi, layin masu jira yana tsawo a bayanta. Ɗaya ta ture saboda an sa manja. Ɗaya saboda wani zaƙi da sunansa ya gagari bakin Si Larbi. Na uku ya kusa tsira, sai ta ɗora yatsa a kan hoton saniyar.

"Maraƙin fa?"

"Wane maraƙi kuma?"

"Saniya tana nono ne ba ta haihu ba? Ina ɗan? Shi me yake sha?"

Si Larbi ba ya ƙarya, ko ta ciniki. Ya ce yadda yake ji, a wurare da yawa da wuri ake raba su, na wannan kuma bai sani ba.

"Allah ya kiyaye," in ji Ghita. "In cika cikin 'yata da abin da aka ƙwace a bakin ɗan wata? Ita uwar tana can tana kuka a garke, wa ya tambaye ta?"

Matan da ke bayanta suka daina tsaki. Dattijon ya yi ta buga waya Kazablanka, bayan kwana uku ya samo mata wata ta nonon akuya, wadda takardarta ta ce ana barin 'ya'yan da iyayensu. Ya ce shi dai abin da aka rubuta ya karanta, gaskiyarsa Allah masani. Ghita ta rungume gwangwanin ta tafi gida tana jin ta yi wa 'yarta gata.

Sai dai duk binciken nan ba a yi shawara da mai sha ba. Nuhaila ta taɓa robar fida da harshe, ta tofar, ta kalli uwarta kamar an zage ta. Wata ma'aikaciyar jinya a asibiti ta ce a daure a bar ta ta ji yunwa, kuma wani ya riƙa ba ta, ba uwar ba. Ghita ta ce to. Amma da yarinya ta buɗe baki da kuka, sai Ghita ta tuna kwana nawa ya rage mata, ta zuge riga. A nan kam ta yi wauta, kowa ya faɗa. Wanda ya san jiran shekara goma sha ɗaya dai, a hankali ya faɗa.

Ran Litinin da safe, ranar fara magani, ta ba ta nono na ƙarshe a cikin mota a ƙofar asibiti. Bushta ya fita ya tsaya ya ba su baya. Da la'asar ta dawo fuska a ɗashe, ƙirji a cike tam da nonon da ya zama sai dai ta tatse ta zubar a kwata. Nuhaila tana jin ƙamshinsa, tana yakushin riga, tana buga kai a ƙirjin uwarta. Wannan baƙin cikin ya fi na ciwon kansa.

Talata aka sake roba, aka gwada cokali, aka gwada kofi. Sai ta kurɓi kaɗan ta fesar. Bushta ya sayo gwangwani na biyu, ya sayo na uku. Na huɗu Ghita ce ta ja jiki da kanta tana dafa bango.

"Ba ni ko wanne, Si Larbi. Ko na rumi ne. Ko da manjan."

Ya miƙa mata, bai iya kallon idonta ba. Ya ce, "Lalla, ba madarar take ƙi ba. Jikin mutum take nema."

Laraba kafin azahar ƙunzugun yarinya a bushe yake tun safe, maɗigarta ta faɗa, kukan ma ya koma 'yar ƙara kamar ta ɗan kyanwa. Bushta, wanda shekara goma sha ɗaya bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya tsaya a tsakiyar ɗaki da makullin mota a hannu.

"Ko asibiti a sa mata ruwa, mu dawo gobe mu ci gaba daga inda muka tsaya, ko gidan Hadda. Zaɓi ɗaya yanzu. Ke tsoronki ta manta ki. Ni tsorona in rasa ku ku biyu."

Ya miƙa hannu zai ɗauki yarinyar, Ghita ta ce ya bari. Ita da kanta ta kai ta. Taku goma ne tsakanin ƙofa da ƙofa, sau biyu tana tsayawa.

Hadda tana kwaɓin burodi. Ta ɗago ta gan su, ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta wanke hannu, ta zauna, ta yi bisimilla. Nuhaila ta ɗan kau da kai, ta shinshina, sannan ta cafke. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyarta, ƙwat, ƙwat. Ghita ta zauna a bakin kujera, gaban rigarta yana jiƙewa, tana murna 'yarta ta rayu, zuciyarta kuma tana tsagewa.

Hadda ta so ta sauƙaƙa abin. "To shi ke nan, mai ƙaton kai ya rasa mata ya samu ƙanwa. Sai ki nemo masa wata, suru..." Kalmar ta maƙale mata. Ta goge ido da gefen mayafi.

Yarinya ta sha ta ƙoshi, barci ya kwashe ta, 'yan yatsunta damƙe da wuyan rigar Hadda. Ghita ta miƙa hannu za ta karɓe ta. Nuhaila ta yamutsa fuska cikin barci, ta ƙara cusa hanci a jikin Hadda. Kunya ta kama Hadda, ta shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ghita ta riƙe mata hannu.

"Hadda."

"Na'am."

"In ta fara magana, duk sunan da bakinta ya ba ki, ki amsa. Kar ki gyara mata."

"Haba Ghita, wace irin magana ce wannan? Warkewa za ki yi, ke za ki kai ta makaranta, ke za ki..."

"In Allah ya yarda. Ki dai amsa. Abu ɗaya nake roƙonki. In ta yi wayo, ki gaya mata ban kawo ta da wuri ba. Ki ce sai da na gwada gwangwani huɗu."

Hadda ta gyaɗa kai. Ghita ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta koma gida ita kaɗai, domin lokacin da za ta tatse ta zubar ya yi.