Ba a Yi wa Jini Gyara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, bakwai ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Surayya Gana a wani asibiti a Kano bayan gajeriyar jinya. Aka yi mata sutura a Gaya bayan la'asar.

Surayya, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in shiga ɗaki in fito ban san abin da na shiga nema ba. Kowa na ce mini in yi haƙuri, ina kuwa yi. Amma ba kewarki kaɗai ke cina ba, akwai tsoro, kuma kin san na mene ne.

Benci ɗaya muka zauna a firamare a Gaya. Ke kika wuce jami'a kika karanta ilimin sinadarai, ni na tsaya a koyarwa a Ajingi, kusa da mahaifina, Malam Kabo, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin gona da awon hatsi a kasuwa. Ciwon suga ya kama shi da tsufa. Kullum sai ya yi allura, yawan allurar kuwa ya dogara ne da lambar da na'urar gwaji ta nuna. In lambar ta yi ƙarya, ran Baba ne a ciki.

Ta kuwa taɓa yi. Wata safiya ya gwada da kansa, lamba ta fito ƙasa. Ya ce suga ya sauka, ya fasa allura, ya dama fura ya zuba mata sukari, ya tafi gona. A amalanke aka dawo mana da shi. A asibiti aka ce sugan nasa a sama yake, sama sosai.

Da ya samu sauƙi kika zo, ko mayafi ba ki ajiye ba kika ce ya nuna miki yadda yake yi. Ya huda yatsa. Fatar hannun nan da fartanya ta sa ta yi kanta ba ta ba da jini sai ɗan ɗis. Ya ɗiga a bakin tsinken gwajin da ake zura wa na'urar, bai cika ba. Sai ya matsa yatsan a natse, ya ƙara wani a kai.

Kika yi dariya har da hawaye. “Baba, gyara kake yi wa na'ura?”

Ya ce, “To 'yar nan, wa ya taɓa ba da awo babu gyara? Ai rowa ke nan.”

Dariyar ba ta daɗe ba. Kika karɓi reza kika tsaga tsinken, kika nuna mini wasu siraran layuka baƙaƙe guda biyu a ciki, ilektirod kika kira su. Kika ce na'ura ba ta ganin jini. Abin da take ji kawai ɗan ƙaramin lantarki ne da ke tasowa idan sugan jini ya haɗu da sinadarin da ke kan layin. An ƙayyade faɗin layin nan kamar yadda aka ƙayyade kwanon awo. In jini ya rufe rabinsa, rabin lantarki za ta ji, ta faɗi rabin gaskiya. Irin tamu kuma da zarar bakin layin ya jiƙe take fara lissafi, kafin gyaran Baba ya iso aikin gama ya gama. Ina jin kunya ina shirin yi masa faɗa, kika tare ni. “Ba laifinsa ba ne, Barira. Wanda ya zana layukan nan bai taɓa riƙe hannun manomi ba.”

Daga nan ba ki sake hutawa ba, ba ki kuma bar kowa ya huta ba. Kika bi Gaya da Balan da ƙauyukan Ajingi kina duba hannayen mutane, har tsofaffi suka riƙa tsokanarki ko duba kika koma. Kika rage faɗin hanyar da jini ke bi a cikin tsinke don ɗis ɗaya ya isa. Kika matso da layukan kusa da juna. Kika ƙara na uku can ƙarshen hanya, kika sa masa suna mai gadi, don ba ya barin na'ura ta fara lissafi sai jini ya iso gare shi, wato an cika. Na farkon da kika yi ya matse da yawa, jini mai kauri ya riƙa tsayawa a hanya. Kika kira ni kina ta masifa kamar ni na zana shi. Haka kike, a tsaye kike cin abinci, ba kya ƙarasa gaisuwa kin shiga magana. Amma ba ki taɓa manta sunan tsohuwar da kika riƙe wa hannu ba, har jikanta sai kin tambaya.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Na roƙe ki ki ba ni sababbin tsinken naki in riƙa gwada Baba da su, kika hana. Kika ce ba a gama gwada su ba, hukuma ba ta amince ba. Na ce ke da bakinki kin ce sun fi namu. Kika ce, “Sun fi, amma ban san ranar da za su yi kuskure ba. In ta faɗo kan Baba, wa zai dawo mini da shi?” Na yi fushi, na daina ɗaga wayarki, ke kika biyo ni gida. Abin da kika ba ni a madadinsu shi ne lambarki. Duk safiyar da awo ya ba ni shakka, in kira. Ko kina gaban ɗalibai sai ki fito. Ya cika a ɗiga ɗaya? An wanke hannu? Yaya idonsa, yana gumi? Daga nan ki ce in sake, ko ki ce mu tafi asibiti yanzu-yanzu.

A wajen zaman makoki na tambayi abokin aikinki, Malam Hafizu, inda aka kwana. Ya ce za su ci gaba in Allah Ya yarda, amma da sauran gwaji, kuma ke ce kika riƙe zaren aikin, ba zai iya yanka mini lokaci ba. Baba ya matsa sai da aka kai shi Gaya ya yi gaisuwa. A hanyar dawowa, cikin a-daidaita, ya ce, “Barira, tsinken nan na 'yar nan, zan gan shi kuwa?” Na juya ina kallon gero.

Yau da safe ni na huda masa, don idonsa ya yi rauni. Lamba ta fito, ban yarda da ita ba. Na sake, wata daban ta fito. Ga allura a hannuna, ga Baba ya miƙo damtse yana jira. Sai da na ji wayar tana ƙara a kunnena na tuna wa nake kira. Muka nemi mai babur zuwa asibiti.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Ya Aisa, da mijinki Malam Salahuddeen, da 'ya'yanki Khaula da Hadi, da ɗalibanki, da duk tsofaffin da kika riƙe wa hannu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Ya Allah Ka ji ƙan Surayya, Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Aikin da ta bari kuma Ka kawo mai ƙarasa shi, tun Baba yana da rai. Amin.

Barira Kabo, Ajingi