Hukuma Ta Ɗauke Ta

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Na daɗe ina bin hanyar Tamanrasset, tun ina iya ɗaga buhun dabino ni kaɗai, amma ban taɓa dawowa a karye kamar wannan karon ba. Masu kirana a waya suna tambayar tsaraba, ku yi haƙuri ku karanta wannan. Ni ba ɗan lekkol ba ne, ban yi boko ba. Yadda abin ya faru, haka zan faɗa.

Mun tashi da asuba daga Damagaram. Niyyata in saro dabino da makaroni da barguna kafin sanyi ya shigo. Ina cikin ɗaure kaya sai ga Inna Hajo, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, ɗauke da ɗan buhu a ka. Saƙo ne zuwa ga 'yarta Cima, wadda ke sayar da tuwo a Tamanrasset tun bayan rasuwar mijinta. 'Ya'yan Cima biyu suna hannun tsohuwar, kuma da abin da take aikowa ake ɗora tukunya a gidan. Kuka ce a buhun da daddawa da yaji. Inna ta ɗinke bakinsa da jan zare.

“Hannu da hannu za ka ba ta, ɗan nan,” in ji ta. “Ka ce mata ko da azumi ta leƙo, yara sun fara manta fuskarta.”

Daddawar nan ta jawo mini zagi tun kafin mu kai Tanut. Wani mai farin yadi da ke kusa da ni ya tambayi direba ko akwai mushe a motar. Na yi kamar ina barci.

Daga Agadas zuwa Arlit ba hanya ba ce, azaba ce. Kwaltar ta mutu, sai ɓaraguzanta, direbobi sun fi son bin gefe cikin rairayi. Shinge kuwa ban ƙirga ba, kowane da mai miƙo hannu. Daga Arlit muka koma bayan buɗaɗɗiyar mota, kowa ya riƙe sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Ƙuguna har yau bai yafe mini ba. A Assamaka, bakin iyaka, muka tarar da waɗanda aka koro daga Aljeriya suna shigowa a ƙafa. Maza da mata da jarirai, leɓɓa sun tsage, wasu ko takalmi babu. Wanda ya saba da hanyar ya saba da ganinsu. Muka miƙa musu ruwa, muka wuce.

Da ka tsallaka In Gezzam sai kwalta mai santsi. Burodi arha kamar kyauta, man fetur ya fi ruwan gora sauƙi, amma nama sai dai kallo. Mun shiga Tamanrasset da hantsi, sanyi na ratsa ƙashi duk da rana ta fito. Na sauka wajen mai masaukina, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shago a Kasuwar Assihar. Na sha shayi, na yi azahar, na ɗauki buhun Inna na nufi Sersuf, unguwar da Cima ke da rumfa.

Rumfar a rufe. Tukwane a kife, bencin da leburori ke zama ya yi ƙura. Wasu masu aikin gini da ke hutawa a gindin bango suka ce, “Baba, kun yi saɓani. Hukuma ta ɗauke ta, an fi mako.”

Wanda bai zauna can ba ba zai gane wannan magana ba. A Tamanrasset in an ce hukuma ta ɗauki mutum, ma'ana ɗaya ce: kame. An kwashe shi don ba shi da takarda, za a tsare shi 'yan kwanaki, a loda shi a mota zuwa bakin iyaka. Ana karɓe waya, shi ya sa ba a jin mutum. Ba a bin sawu, ba a zuwa tambaya, don mai tambayar ma yana iya kwana a ciki. Sai dai a ce Allah ya kai shi gida lafiya. Ɗaya daga cikin leburorin ma ya rantse cewa ɗan ɗakinsu ya gan ta a Assamaka tana layin abinci.

Ni ma haka na ɗauka. Har na ji haushin kaina da ban duba fuskokin matan nan da muka ba ruwa ba. Na tura wa matata saƙon murya, na ce ta kunna wa Inna Hajo: kada ta damu, kame ne ya rutsa da Cima, tana hanya, ƙila ma ta riga ni isowa gida. Matata ta ce tsohuwar har guɗa ta yi. Wai gara haka, dama ta gaji da kewar 'yarta.

Na shiga harkar gabana. Dabino ya hau ƙwarai bana, masu barguna kuma sun haɗa baki. Washegari ina tsugune a Assihar ina taya wani Balarabe, sai na ga mutanenmu suna barin shaguna suna taruwa wuri guda. Wani mai aikin garka a Utul, ƙauyen lambuna da ke bayan gari, shi ya zo da labarin. Ya bi ƙori, wato busasshen rafi, neman akuyar maigidansa, ya tarar da gawar mace an jera mata duwatsu. Baƙar fata ce, da zanen atamfa irin namu. Jandarma sun zo sun ɗauke ta.

Ba wanda ya ambaci Cima. Ai Cima tana Assamaka. Ni dai gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Na bar Balaraben da dabinonsa na koma Sersuf, na tambayi leburorin nan wa ya ga kamun da idonsa. Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna wani. Ashe duk a bakin mutum ɗaya suka ji, wata tsohuwar Buzuwa mai sayar da cuku a ƙofar gidanta, daura da rumfar. Na je na gaishe ta. Hausarta a karye take, amma ana ganewa.

“Inna, ranar da aka kama mai tuwo, motoci nawa suka zo?”

“Motoci? Mota ɗaya. Ƙarama, fara.”

“Su nawa?”

“Shi ɗaya. Da kayan hukuma a jikinsa. Yana zuwa cin tuwo, na san shi.”

“An kama wasu?”

“Wa za a kama? Da suka ga hula duk suka gudu. Ya yi mata magana, ta ce tana aiki. Ya ɗaga murya. Ta wanke hannu, ya buɗe mata gaba, ta shiga.”

Gaba. Jama'a, wa aka taɓa sawa a gaban mota a kame? Kame da manyan motoci ake zuwa, a toshe layi ta ko'ina, a kwashe har mai rake, a jefa a baya kamar buhuna. Na ce, “Inna, don me ba ki faɗa ba?”

Ta dube ni. “Na faɗa. Na ce hukuma ta ɗauke ta. Ba wanda ya ce mini wace iri.”

Na zauna a kan bencin Cima, cikin ƙurar.

Kafin la'asar magana ta cika gari. Bakin da ya ce an gan ta a Assamaka, shi ne ya koma cewa dama shi ya san za a rina. A kowace majalisar shayi akwai mai labari. Wasu suka ce ɗan sandan ya daɗe yana nemanta, ta ƙi. Wasu suka ce wani abu ta gani da bai kamata ta gani ba. Wani ya ce ba ɗan sanda ba ne sam, kayan ɗan'uwansa ya ara. Hoto ya fara yawo a waya, an zagaye kan wani mutum da jan layi. Kafin magariba na ga hotuna uku, mutane uku daban, kowanne an ce shi ne. Ɗayansu ma daga baya aka ce mai gadin makaranta ne, bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani mai gyaran rediyo ya ce macen da ta shiga gaban motar namiji ai ta san abin da take yi. Na ce masa, “Kai in mai hula ya ce ka shiga, gardama kake yi? Ba a bayan firij kake ɓuya ba in ka ji jiniya?” Ba don Alhaji ya riƙe ni ba, da na yi abin da bai dace da furfurata ba.

Sai aka zo kan wa zai je ya duba gawar. Nan kowa ya tuna yana da uzuri. Ban ga laifinsu ba, yawancinsu ba takarda. Masu takardar kuma ba su san ta ba sai da Cima mai tuwo, ko sunan ubanta ba su sani ba. Ni nake da fasfo mai hatimi, ni na san ta tun tana goye. Alhaji ya ce zai raka ni ya yi mini tafinta.

Ba zan faɗi abin da na gani a ɗakin gawa ba. Fuska dai ba ta taimaka mini ba. Amma Cima tana ƙarama ta faɗa murhun gidanmu, wuta ta bar mata tabo a damtsen hagu, ni na kai ta likita a keke. Na ce a buɗe mini hannun. Aka buɗe. Na yi salati.

Jandarman da ya rubuta bayanina bai wulaƙanta mu ba, har ruwa ya ba ni. Ya tambayi Alhaji da Larabci, mace ta ɓata fiye da mako, me ya sa ba wanda ya kawo ƙara? Alhaji ya ce, “Ranka ya daɗe, mun ɗauka ku kuka ɗauke ta.” Mutumin ya ajiye biro. Da za mu fita ya ce akwai wanda suke tsare da shi suna tambaya. Ɗan sanda ne ko ba ɗan sanda ba, bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Don haka masu aiko mini da hoto kuna cewa in tabbatar, ku daina. Ban ga mutumin ba, ban san sunansa ba. Abin da na sani shi ne abin da tsohuwar ta gani da abin da na gani.

An daɗe kafin a ba mu gawar. Muka rufe ta a can. Leburorin da suka gudu ranar, su suka haƙa kabarin, wasu na kuka kamar yara. Matan unguwa suka ce za su yi tuwon sadaka, amma babu kayan miya irin na gida. Na ɗauko buhun Inna, na yanke jan zaren. Da kukar da daddawar da aka aiko wa Cima aka yi miyar sadakarta. Na kasa ci. Zannuwanta da takalmanta da hoton yaranta da muka samu a ɗakinta, na zuba su a cikin buhun.

Na kira matata na faɗa mata. Ta yi kuka, sannan ta ce Inna Hajo ta share ɗakin Cima, ta sa an yi wa ƙofa sabon labule, kuma duk ranar da aka ce motocin korarru sun iso daga Agadas sai ta ja yaran su tafi tasha. Na ce ko za ta sanar da ita a hankali. Ta ce, “A'a, Malam. Muryarka ta ji ka ce tana hanya. Wannan ma daga bakinka za ta ji. Kuma ba a waya ba.” Gaskiya ta faɗa. Na roƙi 'yan garinmu da ke can su riƙe bakinsu har in isa.

Dawowar ban san yadda aka yi ta ba. Barguna ban saya ba, dabinon ma rabi. A Assamaka muka sake tarar da wasu korarrun. Wannan karon na sauka na bi su ɗaya-ɗaya ina duba fuska, alhali na san inda na baro ta. Direba ya yi ta danna oda har ya gaji.

In akwai abin da tafiyar nan ta koya mini, ƙarami ne. Mu da ke can mun saba da a ɗauke mutum har mun daina tambaya. Duk wanda ya so cutar ɗayanmu, hula kawai zai sa, mu da kanmu za mu rufa masa asiri da addu'ar Allah ya kai ta gida lafiya. Daga yau in an ce maka hukuma ta ɗauki wani, ka tambaya: mota nawa, mutum nawa, gaba ko baya. Da ɗayanmu ya yi wannan tambaya a ranar, ban ce da ta rayu ba. Allah kaɗai ya sani. Amma da an nema.

Mun shigo Damagaram bayan magariba. Na bi ta bayan layi don kada in wuce ƙofar Inna. Ta kan katanga ina jin ta tana yi wa yaran faɗa su wanke ƙafa.

Washegari da na fito daga sallar asuba, na riƙe hannun liman na ce ya taimaka ya raka ni. Matata ta sa mayafi ta biyo mu. Na ɗauki buhun, na ɗaure bakinsa da ragowar jan zaren. Muka tsaya a ƙofar, na yi sallama. Inna Hajo ta fito da tsintsiya a hannu, tana murmushi, tana leƙen bayana. Sai idonta ya sauka a kan buhun, ya koma kan liman.

Na cire takalmina, na durƙusa.